Launin Fuskar Inna

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ƙafafun nan naki masu kumbura saboda tsayuwar kanti. Mu nan lafiya lau muke. Inna tana gaishe ki. Tarin da ya dame ta ya tafi, gwiwar ce dai take yi mata tsiya idan za ta miƙe. Kawu ya zo shekaranjiya, ya sha shayi kofi uku, ya gyara mana famfon da bai lalace ba. Yanzu kam ya lalace.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya-jiya muka yi waya. To, kin san gidanmu. Ɗaki biyu da falo, in na yi atishawa a ɗakina Inna ce take amsa mini daga nata. Akwai maganar da ba ta yiwuwa a waya. Saƙo ma ba tsira ba ne, don da na dawo daga makaranta wayar a hannunta take wuni, kuma idonta ba ya tsallake rubutu. Shi ya sa da na ji Mai Zannuwa, maƙwabciyarmu, za ta taso garinku sarin kaya ranar Laraba, na yago takarda daga littafin 'yan ajina. Ki yi haƙuri da jan biro, shi kaɗai ne yake rubutu a gidan nan.

Taimako nake nema irin na aikinki. Ina son man fuska mai launi, irin wanda yake rufe tabo, amma wanda kuma zai kare fata daga rana. Fatar da za a shafa wa ba ta da haƙuri ko kaɗan. Minti goma a rana sai ta yi ja, ta ɗau zafi, bayan kwana biyu ta fara saɓa. Na sayo guda biyu a kantin bakin titi. Ɗaya ya kawo ƙaiƙayi da ƙuraje, ɗayan ya bar fuska fari fat kamar an faɗa buhun fulawa. Kuma launin fuskar ba ɗaya ba ne, wani wurin ya fi wani haske. Don Allah kada ki tambaye ni komai, kuma kada ki ɗago maganar a waya. Ki zaɓo kawai ki ba Mai Zannuwa.

Kin sake tambaya game da kyamarar wayata. Har yanzu ba a gyara ba.

Katifarki tana nan jingine a bayan ƙofa. Sau biyu na ce a bayar da ita ko ɗakin ya sha iska, sau biyu Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ina kewarki, Yaya, har da faɗanki.

Ƙanwarki,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana ƙanshin sabon yadi, da alama a tsakiyar kayan Mai Zannuwa ta kwana. Na ji daɗin jin tarin Inna ya tafi. Ki dinga gasa mata gwiwar da ruwan ɗumi. Ki ce wa Kawu na gaishe shi, kuma don Allah ya bar fankar falo da ranta. Ni lafiyata ƙalau. Ƙafa tana kumbura, amma ta saba.

Kin ce kina kewar faɗana. To ga shi nan ya zo.

Shekara shida ina tsaye a bayan teburin kayan kwalliya a kemis ɗin nan. Ba ranar Allah da mace ba za ta jingino da teburin ba, ta rage murya, ta ce fatarta tana yin ja a rana, tana saɓa, fuskarta ta zama kala biyu, kuma wai ba ta san dalili ba. Ni kuwa na sani, tun kafin ta rufe baki nake kallon gaɓoɓin yatsunta. Auta, bilicin kike yi. Yanzu na gane abin da ya lalata kyamarar nan wata goma sha huɗu, a garin da kowane lungu akwai mai gyaran waya.

Wa ya ce miki launinki da laifi? Malamin lissafin nan ne da kike yawan ambata? In shi ne, ki ce masa ya tsaya ga lissafinsa. Ke da kika ɗauko hasken Baba, me kike nema kuma? Ni da na kwaso baƙin Inna kaf, har unguwa take kirana Hoton Inna, ban taɓa kwana ina fatan in wayi gari wata ba. Wannan fuskar ce ma abin da nake taƙama da shi a nan. In kewar Inna ta taso mini a tsakiyar aiki, madubin teburina nake juyowa in duba, sai in ji kamar ta leƙo. Ke kuma kin ɗauki taki kina dafawa. Wallahi raina ya ɓaci, har Doguwa, abokiyar aikina, ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Duk da haka ga mai nan, don ba zan bar ki rana ta ƙarasa ki ba. Ki fara zubar da duk abin da kike shafawa. Wannan babu turare a cikinsa, turare shi ne babban mai tayar wa irin wannan fatar hankali. Kariyarsa ta sinadarin zinki ce, wadda take zama a saman fata ta tare rana, kuma ba ta cika kawo raɗaɗi ba. Wancan da ya mayar da ke buhun fulawa mai yiwuwa irinsa ne, sai dai ba a sa masa launi ba. Ki duba gaban kwalbar za ki ga lamba hamsin, ƙarfin kariyar ke nan. Kada ki yarda da abin da bai kai talatin ba. Kuma kada ki yi gaggawa irin taki. Ki ɗiga kaɗan a bayan kunne, ki bar shi kwana biyu. In bai yi ja ba, bai yi ƙaiƙayi ba, sannan ya hau fuska.

Launin kuwa na zaɓo naki yadda na san shi, ba yadda kika mayar da shi ba.

Yayarki

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna. Ni mura ta ɗan taɓa ni, na'urar sanyin kantin nan ba ta san tausayi ba, amma na warware.

Sau biyu ke nan Mai Zannuwa tana zuwa hannu rabbana. Karo na farko na ce ko aikin jarrabawa ne ya sha kanki. Karo na biyu sai da na sa baiwar Allah ta zazzage jakarta a gaban mutane, ko takardar ta maƙale a wani wuri. Ta ce, “Yarinya, ni ba gidan waya ba ce, abin da aka ba ni shi nake kawowa.” Na ji kunya. A waya kuma kin koma 'yar aike. Daga “ina wuni” sai “ga Inna.”

Na san bakina da kaifi. Doguwa ta ce da ita aka rubuta wa irin takardar nan, da ta yi shekara ba ta kula ni ba. Ban janye maganata a kan man bilicin ba, amma na janye yadda na faɗe ta, na kuma janye malamin lissafi, bawan Allah bai yi mini komai ba. Ki faɗa mini ko man ya karɓe ki. Ko layi ɗaya ne.

Sannan akwai abin da yake damuna. Da can in na kira Inna da rana, da ƙyar nake jin muryarta saboda ƙarar motoci a bakin lambunta, ga masu sayen dashe suna ciniki, ita kuma tana yi wa wani faɗa ya taka mata tukunyar fure. Yanzu da yamma kawai nake samunta, a wayarki, ba na jin komai sai fankar falo. Na tambaye ta lambu, ta ce lambu yana nan inda yake. Gwiwar ce ta hana ta fita? In ita ce, ki gaya mini gaskiya.

Jiya wata tsohuwa ta shigo sayen man gashi, hannunta duk ƙasa a ƙarƙashin farce. Na riƙe hannun nan fiye da yadda ya kamata, har ta dube ni. Shekara biyu da rabi rabona da gida, Auta. Kada ki ƙara mini da shirunki.

Yayarki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Muna lafiya. Allah ya ƙara sauƙin mura.

Ban taɓa shafa man bilicin ba, ko sau ɗaya. Fuskata tana nan yadda kika bar ta, sai dai ƙurajen gajiya. Na karanta takardarki a ofishin malamai, na shiga banɗaki na yi kukana, na fito na koyar da jam'i da tilo.

An gwada man a bayan kunne kwana biyu kamar yadda kika ce. Bai yi ja ba, bai yi ƙaiƙayi ba. A nan kam kin iya aikinki. Launin ne bai yi ba, ya yi haske da yawa. Ki aiko mai duhu. Irin naki daidai.

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta, ƙanwata,

Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata. Ban san ta inda zan fara ba.

Takardarki ta same ni ana tsakiyar ciniki. Na karanta a tsaye, na ce a raina, yarinyar nan rigima take ji, me za ta yi da launina? Amma na ɗauko kwalbar da nake shafawa, na ɗiga a yatsa, na juyo madubi don in tabbatar kafin in naɗe miki. Na shafa a gefen muƙamuƙi. Ya ɓace a fatar kamar ba a sa komai ba. Ina tsaye ina kallon fuskar nan, sai na tambayi kaina, a gidanmu wa yake da wannan launin in ba ni ba?

Auta, nan take na ajiye kwalbar. Doguwa ce ta turo mini kujera ta sallami matar da ke jirana.

Na koma na ɗauko takardarki ta farko. Ko wuri ɗaya ba ki ce fatarki ce ba. “Fatar da za a shafa wa,” haka kika rubuta. A ta biyu kika ce “an gwada.” Ke malama ce, ba ki rubuta abu da ka. Ni ce na karanta da idon kanti, na ga abin da na saba gani. Ki yafe mini. Na ɗora miki laifi kina ɗauke da kayan da ya kamata mu ɗauka mu biyu.

Yanzu ki faɗa mini. Me ya sami fuskar Inna? Ƙuna ce? Ciwo ne? Tun yaushe? An je asibiti? Shi ne dalilin kyamara, shi ne dalilin lambu? Jiya na kira, ta yi ta ba ni labarin kyanwar maƙwabta tana dariya, ni kuma na danne bakina da hannu don kada ta ji. Sau uku na buɗe baki zan tambaye ta, na tuna kin ce kada a ɗago maganar a waya.

Ban aiko da komai ba wannan karon. Ba zan sake zaɓa a makance ba. Na roƙi Mai Zannuwa ta tsaya a kanki har sai kin rubuta, ko da za ta rasa motar tahowa nan.

Yayarki mai neman gafara

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Na amsa gaisuwarki, kuma na yafe. Mai Zannuwa tana zaune a falo yanzu haka, ta ce ba za ta motsa ba, ta kuma janye Inna da hira don in samu in rubuta. Lafiyar jiki dai Inna tana da ita, wannan ki kwantar da hankalinki. Tana ci, tana barci, tana faɗa.

Ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya miki ba. Ban gaya miki ba, ke kika gano, don haka ga sauran.

Abin ya fara ne 'yan watanni bayan zuwanki na ƙarshe. Wani ɗan farin tabo a gefen bakinta, bai fi ƙwayar wake ba. Muka ce ko sabulu ne. Sai ya faɗaɗa, wani ya fito a kewayen idon hagu, wani a goshi, sannan bayan hannuwa. Mun je wurin likitan fata. Ya ce a wasu wurare fatar ce ta daina yin launi, ba ya kisa, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba laifin abin da ta ci ko ta shafa ba ne. Ya ba da magani, ya ce a yi haƙuri, wani wurin yana iya dawowa, wani ba ya dawowa. Amma ya ja kunne sosai a kan rana, don wuraren da suka yi fari ba su da abin da zai tare musu ita. Ki duba fa, matar da ta yi shekara talatin tana wuni a bakin titi cikin dashe.

Da farko ba ta fasa fita ba. Ta sayi malafa, tana dawowa fuska ja tana cewa ba komai. Rana ba ta kore ta ba, Yaya, mutum ne ya kore ta. Wata mata da ta daɗe tana sayen fure a wurinta ta zo, Inna ta miƙa mata tukunya, matar ta dubi hannun, ta ja da baya, ta ce, “Ajiye a ƙasa, zan ɗauka da kaina.” Inna ta ajiye. Ta dawo gida tun kafin azahar, ta rataye malafar, ba ta sake taka lambun ba. Kawu ne yake zuwa ban ruwa. Kin san Kawu. Rabin dashen ya mutu da ƙishi, rabin ya mutu da ƙoshi.

Yanzu a gwangwanayen madara take shuka, ta jera su a tagar ɗakinta, ita tana bayan labule. Da safe sai ta zuro hannu ta juya su don kowanne ya samu haske. In aka ƙwanƙwasa ƙofa ta shige ɗaki.

Ranar da na ce mu buɗe kyamara ki gan ta, na ɗauka kunya ce za ta hana. Ba ita ba ce. Ta ce, “Yarinyar nan ta gaya mini in ta yi kewata madubi take dubawa. Tana can ita kaɗai, ba uwa ba dangi, abin da take da shi ke nan. In ta ga yadda na koma, me za ta dinga gani a madubin? Ko dai ta daina ganina, ko ta fara neman tabo a tata fuskar. Ku bar mata wadda ta tafi da ita.” Daga ranar kyamara ta lalace.

Maganar man kuwa, ni na ƙirƙiro. Na ce ko in ta samu abin da zai rufe tabon ya kuma tare rana, za ta yarda ta koma cikin shukokinta. Ta ɗauka a kantin bakin titi na sayo. Da ta ga bai yi mata ƙaiƙayi ba har ta tsaya gaban madubi, karo na farko a wata da watanni. Sai launin ya zauna mata kamar an yi wa bango faci. Ta wanke, ta koma bayan labule.

Na gaji da riƙe wannan ni kaɗai. Na ji sanyi da kika sani.

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Gaisuwa da godiya. Allah ya saka miki, ya ba ki masu yi miki yadda kika yi wa Inna. Ina lafiya, in ban da idanu da suka kumbura, har manaja ya ce ko in koma sashen maganin ido.

A aikinmu akwai ƙa'ida, kuma kullum ina faɗa wa masu saye ita har sun gaji da ni. Ba a zaɓar launi ta hoto, ba a zaɓa da tunani, ba a aiko wani ya zaɓa wa wani. Mai fuska ta zo da fuskarta a wanke, a fita da ita hasken rana don fitilar kanti maƙaryaciya ce, mai kanti ta shafa mata da hannunta a gefen muƙamuƙi, ta ja baya ta duba. Wanda ya ɓace a fata shi ne nata. Na karya ƙa'idar nan sau ɗaya, kin ga abin da ta haifar.

Tunda ba ni da fuskar Inna a nan, na yi aiki da wadda ta ba ni. Na ware kwalabe uku masu kusa da juna, duk irin wancan da bai dame ta ba. Kowanne na sa shi a bayan kunnena kwana biyu, don ni ma fatata irin tata ce, kin tuna yadda sabulun ƙanshi yake yi mana mu biyu. Sannan lokacin hutun cin abinci na fita bakin titi da ɗan madubi, layi uku a muƙamuƙi, ina juya kai hagu da dama. Mai gadin kantin ya zo ya tambaye ni ko lafiya. Na tsakiya shi ne nawa. Na ɗaura masa zare ja. Amma Inna ta fi ni shan rana, ƙila mai duhun ne nata, shi ya sa na aiko duka ukun.

Ki fara shafa mata siriri a duk fuskar, ya zauna, sannan ki ƙara a kan tabon da ɗan yatsa, kina dannawa a hankali, ba gogawa ba. Kada ki manta kunnuwa da wuya da bayan hannu. In za ta daɗe a waje a sabunta bayan awa biyu, ko in ta yi gumi. Malafar ma ta sauko daga ƙusa, mai shi kaɗai ba ya isa. Kuma ki nuna wa likitan kwalbar kafin ta saba da shi.

Sauran takardar nan ba taki ba ce. Ki zaunar da ita ki karanta mata. In ta yi faɗa, ki ce ni na sa ki.

Inna, ni ce. Na sani, kuma ba Auta ce ta faɗa ba. Kin ce a bar mini fuskar da na tafi da ita. Inna, na gode, amma ba ta ishe ni ba. Ta cikin madubin nan ba ta yi mini faɗa, ba ta tambayata ko na ci abinci, ba ta ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da ita na yi ta yaudarar kaina ina ɗaga hutuna, yau ciniki ya yi yawa, gobe babu mai riƙe mini teburi, har shekara biyu da rabi ta wuce. Ban ji tsoron tabo ba. In ya fito mini, sai a ci gaba da kirana Hoton Inna da hujja. Abin da nake tsoro shi ne ki ci gaba da tsufa a bayan labule ni ban gani ba. Ki shafa man nan ki koma lambunki, don rana da masu ido. Ni kuwa ki bar ni in gan ki, ko a waya ne, ko minti ɗaya.

'Yarki

Daga Inna, da hannun Auta

'Yar Kanti,

Ina gaishe ki. Ina fatan kina cin abinci, ba biskit ba. Ni lafiyata lau, gwiwa da sauƙi. Auta ce take rubutawa, na ce kuma kada ta gyara mini magana, ni ba 'yar ajinta ba ce.

Takardarki an karanta mini. Na yi faɗan, na gama. Ku biyun nan kun haɗa kai kuna aika wa juna takardu ta ƙarƙashin hancina wata biyar, da Mai Zannuwa a ciki, mace da girmanta. Ita ma na yi mata nata.

Na shafa abin naki. Ba ya ƙaiƙayi, wannan na yarda. Ranar Asabar na sa malafa na je lambu. Abin da Kawunku ya yi wa wurin nan, Allah kaɗai zai yi mana hisabi. Lemun tsami goma sha biyu na bari, uku na tarar, su ma suna roƙon a cece su. Na zauna a kan bokiti na yi kuka, ba don fuska ba, don lemun. Sannan na tashi na fara cire ciyawa. Mai faci na gefen titi ya ce, “Inna, ina kika shiga haka?” Na ce ina ruwanka. Mutum biyu sun sayi fure, kuma daga hannuna suka karɓa. Jiya ma na je. Gwangwanayen taga duk na kwashe su na kai can, sun sha iska.

Maganar waya kuwa, a'a. Ba za ki fara ganina a cikin gilashi kamar kifi ba, murya tana yankewa, ki kashe ki zauna ke kaɗai a ɗaki kina kuka babu mai ba ki ruwa. Na san halinki.

Yanzu ga ƙorafina, tunda an ce ke ce gwanar kanti. Launin nan bai yi mini daidai ba. Na gwada duka ukun, kowanne da ɗan abin da ya rage. Kuma ba abin mamaki ba ne, tunda da bakinki kika ce ba a aiko wani ya zaɓa wa wani. Auta ta karanta mini wurin sau biyu. Kin ce mai fuska ta zo da ita a wanke, a fita hasken rana, mai kanti ta shafa da hannunta ta ja baya ta duba. To ni me na yi da za a yi mini aikin aike? Matan garinku sun fi ni ne? Ni ma haka nake so a yi mini. Kantinku ya yi wa gwiwata nisa, don haka mai kantin ta zo.

Ki taho da safe kafin rana ta yi zafi. Za ki same ni a bakin ƙofa, ban shafa komai ba. Ki dube ni da kyau, ki gama kukanki, sannan ki yi aikinki.

Na sa an shimfiɗa katifarki ta sha iska.

Innarki

Yaya, ni ce Auta, Inna ta tafi ɗora ruwa. Mai jan zaren ya zauna mata cif, ko ni sai na matso nake gane inda tabon yake. Shekara guda a ɗaki ta dawo da ita launinki sak. Kwalbar har ta kusa rabi. Kada ki sayo wani launi, kada ki tsaya neman komai. Ki zo kawai.